Goron Mutanen Silet

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgin Daka bai zo ba. Na tsaya a bakin ƙofar fita da akwati biyu da jakar da Inna ta cusa mini kuka da daddawa, ina karanta sunayen da mutane suka ɗaga a kan kwali, in kai ƙarshe in sake komawa farko. Babu Lubabatu. Lambarsa tana shiga, ba a ɗauka. Tun hantsi nake wurin har aka kira la'asar.

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Tambuwal. Maigidana, Malam, a Dogon Daji yake koyarwa. 'Yarmu Hauwa'u na bar ta a Fakku wurin mahaifiyata. Wani dillalin makarantu a Sakkwato ne ya samo mini gurbin digiri na biyu a ƙasar Bangaladash, ya ce an gama shirya komai, da masauki da abinci da mai tarba. Gurbin kam gaskiya ne. Sauran duk a bakinsa suka tsaya.

Wani dattijo mai jan gemu, da ke gadin ƙofar, shi ya ga na daɗe. Ya karɓi takardata ya duba, ya ce da ni da guntun Turancinsa ai makarantar ba a Daka take ba, a Silet take, tafiyar yini guda. Ya kai ni wani masaukin mata, washegari ya dawo da kansa ya sa ni a mota. Ban san sunansa ba har yau.

A Silet sunana yana cikin rajista, amma ɗakunan mata sun cika, kuma ba wanda ya taɓa neman mini ɗaki. Na zauna a benci a ofishin ɗalibai, akwatuna a gabana. Wata ma'aikaciya mai suna Shirin ta daɗe tana kallona ta saman gilashinta. Da aka tashi aiki ta zo ta ce, "Uwar mijina tana da ɗaki a sama. Ƙarami ne. In za ki iya, mu je."

Uwar mijin nata tsohuwa ce gajera, kowa Khala yake ce mata. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu, sai ɗan Larabcin salla da ya haɗa mu. Ta kama hannuna ta juya shi, ta shafa baƙar fatata, ta yi dariya. A lokacin na ga bakinta. Jawur, haƙoran sun yi duhu kamar an shafa musu makuba. Na ɗauka ciwo ne. Sai daga baya na lura haka bakin rabin garin yake, da masu tuƙa keke, da masu sayar da kifi, har da wasu malamanmu. Jikin bango a kan hanya duk jan tofi ne.

Sati biyu da zuwana amai ya kama ni. Na ɗora wa abincinsu laifi, shinkafa safe da rana da dare, da kifi, da wani mai da suke girki da shi mai hawa hanci. Ko ƙamshinsa na ji daga ƙasa sai na nemi bokiti. Shirin ce ta kalle ni wata safiya ta tambaye ni yaushe rabona da al'ada. Na tsaya ina lissafi da yatsu, ni da nake koya wa yara lissafi. Ta sayo abin gwaji a kantin magani. Ashe da ciki na baro Tambuwal.

Na kira Malam yana tsakiyar makaranta. Na gaya masa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "To yanzu mi kika gani? Ki dawo?"

"In na dawo gurbin ya tafi, Malam. Shekara fuɗu nika biɗar shi."

"Na sani. Ni dai tsoro nika ji, ba ki da kowa can."

"Ina da Khala."

Inna ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, "Ciki ba ya son kaɗaici, ɗiyata. Ki ci abinci ko ba ki so." Na ce to.

Amma abincin ya ƙi zama. Abin da raina yake so shi ne hoce da kwaɗon tafasa, da fura mai tsami irin ta kasuwar Kebbe. Sai kuma goro. Lokacin cikin Hauwa'u ɓarin goro ne yake tsayar mini da tashin zuciya, Inna kan ɓantaro mini kaɗan in sa a kunci. Na zagaya kasuwar Silet ina nuna hoton goro a waya, kowa sai ya girgiza kai.

Wata rana Khala ta hau sama ta same ni kwance a kan siminti saboda sanyinsa. Ta sauka, ta dawo da wani faranti na tagulla mai murfi. Ta ɗauki koren ganye mai faɗin tafin hannu, ta shafa masa wani farin kwaɓi kamar farar ƙasa, ta yanka wata ƙwaya mai kama da gyaɗar ƙamshi ta zuba, ta naɗe. Ta ce, "Pan." Ta nuna ƙwayar ta ce, "Supari." Ta shafa cikinta, ta kwaikwayi mai amai, sannan ta kaɗa hannu alamar zai tafi.

Na ce a raina ai goronsu ne. Na sa a baki.

Da farko bauri ne da yaji. Sai zafi ya taso mini daga ƙirji zuwa kunne, gumi ya karyo, ɗakin ya ɗan juya. Zuciyata ta yi ta bugawa kamar na hau tudu da gudu. Bayan ɗan lokaci komai ya lafa, tashin zuciyar da na yi sati uku da shi ya ɗauke. Na tashi zaune. Na yi wanka, na je aji, na rubuta abin da malami ya faɗa tun daga farko har ƙarshe. Da na dawo na rungume Khala.

Daga nan kullum da safe kafin in fita tana naɗe mini ɗaya. Sai ya zama biyu, ɗaya a baki ɗaya a jaka. Laulayin ya wuce a wata na huɗu, ni ban daina ba. Na koyi naɗewa da kaina. Na san mai rumfar da ke bakin ƙofar makaranta, da ya hango ni sai ya fara shafa farin kwaɓin. In na tauna ba na jin yunwa, shinkafar da ba na so ma ta daina damuna, in ci loma biyar in ture. In na tauna ina iya zama a kan littafi. In ban tauna ba sai in kasa zama a ko'ina, in tashi daga kujera in koma gado, in sauka ƙasa, in hau sama, ina jin haushin kowa.

Damina ta sauka. Ni 'yar Kebbe ce, na san ruwa, amma ban san ruwan da zai yi kwana tara bai ɗauke ba. Titi ya zama rafi, aka rufe makaranta, tufafi suka ƙi bushewa, littattafaina suka yi funfuna. Ina zaune a ɗaki ina kallon rufin kwanon maƙwabta, ina tunanin ko an yi shuka a Fakku, ko Hauwa'u tana tuna fuskata. A kwanakin nan Khala ta fara barbaɗa mini wani abu mai ƙamshi daga ƙaramin gwangwani, wanda take sa wa nata. Jorda sunansa. Na sani sarai garin taba ne, hancina ya gaya mini. Ban ce a'a ba.

Shirin ta gan mu a kan tabarma mu biyu, farantin a tsakiya. Ta ce da ni da Turanci, "Lubaba, wannan da jorda bai kamata ba, kina da ciki." Ta juya ta gaya wa Khala da yarensu. Khala ta ɗaga yatsu bakwai tana magana da ƙarfi. Shirin ta fassara mini a gajarce: wai ciki bakwai ta yi tana tauna shi, uwarta ma haka. Shirin ba ta ja da ita ba, don uwar miji ce, ta wuce ɗaki.

Malam yakan kira ni ta bidiyo ranar Juma'a in ya samu sabis. Na fara jan mayafi ina rufe baki. Daga baya na ce masa hotona ba ya fita da kyau, mu bar shi a murya. Ni da nake tsaye a gaban aji ina yi wa 'yan mata faɗa a kan ƙarya.

Awo na farko na yi shi a wani ƙaramin asibiti na unguwa. Matar da ta auna ni ita ma da nata a kunci. Ta ba ni ƙwayar ƙarin jini, ba ta tambaye ni komai ba. Ƙwayar ta dame ni, na ajiye. Sai da cikin ya shiga wata bakwai, jiri ya kwashe ni a matakalar makaranta, Shirin ta kai ni babban asibiti.

Likitar mace ce mai furfura. Ta ja fatar idona ta duba, ta auna cikin da tef, ta sake aunawa. Ta sa aka yi hoto. Sannan ta ce, "Buɗe bakinki."

Na buɗe.

"Guda nawa a rana?"

"Shida. Wata rana takwas."

"Da jorda?"

Na sunkuyar da kai.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta juyo da allon na'urar ta nuna mini. Ta ce yaron yana da rai, zuciyarsa tana bugawa lafiya, amma girmansa bai kai na watanninsa ba. Ta ce jinina ya yi ƙasa sosai. Ta ce ƙwayar suparin nan tana takura hanyoyin jinin da ke kai wa ɗa abinci, tana kashe wa uwa cin abinci, tabar kuma tana ƙara wa abin nauyi. Matan da ke taunawa da ciki sun fi haihuwar 'ya'ya ƙanana, wasu kafin lokaci.

"Ba zan rantse miki shi kaɗai ne ba," in ji ta. "Ba kya cin abinci, kina cikin damuwa, kin bar maganinki. Amma a cikin duka, wannan ne za ki iya ajiyewa yau."

Na ce na ajiye. A hanyar komawa gida, a cikin keke, na zubar da wanda ke jakata a kwata.

Kwana biyu na yi ban tauna ba. Kaina kamar ana sara shi, bakina ya cika da yawu, hannuna yana rawa in na riƙe biro. Na zagaya ɗakin nan har na san yawan takunsa. Na karanta shafi ɗaya sau goma. Na tauna kanumfari, na tauna citta, na tauna bakin mayafina. Rana ta uku na sauka ƙasa shan ruwa, Khala tana salla, farantin yana nan a kan tabarma. Na naɗe rabin ganye, ban sa jorda ba, na ce wannan ne na ƙarshe. Na yi wannan alkawarin kusan kullum har sati biyar. Na rage, ba na musu, amma ban daina ba.

Naƙuda ta zo mini ana saura wata guda da kwanaki, ina cikin ɗakin jarrabawa. Na ji ruwa ya biyo ƙafata. Na ajiye biro na ɗaga hannu.

Haihuwar ba ta daɗe ba, amma na zubar da jini har sai da aka ƙara mini leda biyu, ɗaya ta Shirin ce. Yaron ban ji kukansa ba, sai wani ɗan sauti kamar na ɗan kyanwa. An nuna mini shi a tafin hannun nas, aka wuce da shi. Bai kai kilo biyu ba. Hauwa'u da aka haife ta sai da Inna ta ce wannan ai ta wata biyu ce.

Washegari aka tura ni a keken marasa lafiya na gan shi a cikin kwalba, da ɗan bututu a hanci. Cinyarsa ba ta fi babban yatsana kauri ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ba ya kwanciya lafiya. Hannuwansa suna karkarwa, jikinsa a sandare, ya yi ɗan barci ya zabura, ya yi ta wani siririn kuka. Na tambayi likitar ko sanyi yake ji.

Ta ce suna duba sukarinsa da sauran abubuwa, don bakwaini kan yi haka. Sai ta ƙara da cewa, "Wani lokaci kuma, abin da uwa ta saba da shi, ɗan ma ya saba. Yanzu an yanke masa. Zai wuce in sha Allah."

Na san wannan karkarwar. Na yi ta kwana biyu a ɗakina na kasa jurewa. Shi ba shi da farantin da zai sauka ya ɗauka.

Khala ta zo da abinci a kwano mai hawa uku. Ta manna fuska a gilashin tana kallonsa, tana cewa, "Babu, babu." Na kama hannunta na ce ta daina. Shirin ta ce ai a yarensu haka ake kiran jariri don so. Na ce a namu yaren ma'anarsa ba ya nan. Shirin ta gaya mata. Khala ta rufe bakinta da hannu. Ba ta sake faɗa ba.

Ranar nan ta zauna a gefen gadona ta daɗe, ba ta tauna komai ba. Can ta fara magana a hankali, tana lanƙwasa yatsu, Shirin tana fassarawa. Bakwai ɗin da ta ce, uku ne suka rayu. Biyu ba su yi sati ba. Ɗaya a mace aka haife ta. Ɗaya ya yi wata biyu. Duk ƙanana, in ji ta, kamar wannan. A ƙauyensu haka jarirai suke zuwa, ba wanda ya taɓa cewa wani abu ne ya jawo. Shirin kanta ba ta taɓa jin labarin ba, shekara tara tana gidan.

"Tana tambaya," in ji Shirin, "wai ko ita ce ta yi miki wannan."

Na kalli Khala. Matar da ta ba ni ɗaki, ta wanke mini bokitin amai, ta ba ni maganin da ta sani. Na ce a gaya mata Allah ne ya ƙaddara, kuma ni da hannuna na riƙa naɗewa bayan an gaya mini. Ban sani ba ko Shirin ta fassara duka.

Malam na kira shi a kwana na huɗu, ta bidiyo, na sauke mayafin. Na gaya masa komai, har da sati biyar ɗin. Ya kalli bakina ya daɗe.

"Shi ya sa kinka hana ni ganin fuskarki."

"Shi ya sa."

"Ba taunawar ta fi yi mini zafi ba, Luba. Da kin faɗa mini, ko ba ni da abin yi, da mun ɗauke shi mu biyu." Ya share fuska da hannun riga. "Nuna mini ɗana."

A masallacin unguwarmu a Tambuwal aka raɗa masa suna Habibu, aka yanka rago, mai sunan yana cikin kwalba a wata ƙasa.

Kwana goma sha tara muka yi. Da aka cire shi daga kwalbar suka koya mini in ɗaure shi a ƙirjina, fata da fata, yini guda. In zan yi wanka ko cin abinci Khala ce take karɓa, ta kwance gaban rigarta ta sa shi. Da muka koma gida ban sake ganin farantin tagullar ba. Ba ta daina ba, na san wannan, takan zagaya bayan gida wajen bishiyar ayaba ta dawo tana kurkure baki. Amma ba ta ƙara yi a gabana ba, kuma ba ta ɗaukar Habibu sai ta wanke hannu. Ni kuwa ban ƙara ba. Ba ƙarfin hali ba ne. Na canza hanyar zuwa makaranta don kada in bi ta gaban mai rumfar, na yi wata uku in na ji ƙamshin jorda a jikin mutum sai yawuna ya tsinke.

Jego na yi shi ba wankan ganye, ba kunun kanwa, sai miyar kifi da Khala take tsare ni sai na shanye. Na sake jarrabawar da na bari. Na gama karatun a makare, Habibu yana bayan Khala, don na koya mata goyo da zane.

Yana da wata goma muka sauka a Sakkwato. Malam ya karɓe shi da hannu biyu, ya shirya wa nauyi, sai hannun ya yi sama. Daga Sakkwato zuwa Tambuwal yana riƙe da shi a kan cinya, yana yi masa addu'a a kunne.

Bayan kwana biyu muka tafi Fakku. Hauwa'u ta ɓuya a bayan Inna, sai da yamma ta yarda ta zo kusa. Mata suka cika tsakar gida ana barka da zuwa. Wata gwaggon mahaifina, tsohuwa tukuf, ta kama haɓata ta ɗaga.

"Ke ko ina kinka samu fure mai kama haƙori haka? Tun muna 'yan mata rabona da ganin irin wanga."

Mata suka yi dariya. Na ce ba fure ba ne, wani goro ne na can, ana ba masu laulayi. Kafin in ƙarasa, matar ƙanena Saratu, wadda cikinta bai fi wata uku ba, ta matso. Ta rame, idonta ya faɗa.

"Yaya Luba, kin taho da shi? Wallahi ko ruwa nis sha sai ya dawo."

Na kwance Habibu daga baya na miƙa mata.

"Riƙe shi," na ce. "Wata nawa kika ba shi?"

Ta ɗaga shi, ta gwada nauyinsa a hannu, ta kalli wuyansa da ƙafafunsa.

"Biyar?"

"Goma."

Dariyar ta tsaya. Inna ta jawo tabarma ta zauna, ta ce da yaran da ke bakin ƙofa su fita waje. Na zauna kusa da Saratu, Habibu yana kan cinyarta yana jan ɗankunnenta, na fara ba su labarin tun daga ranar da aka naɗe mini ganyen farko.